Idon Auta a Fuskar Wata

Tabarau ɗin da ke hannunta ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

Auta ta dafa kantar gilashi, ta zuba wa tsallaken titi ido. Ma'aikata uku ne a kan tsani, suna warware sabon talla a ƙaton allon da ke fuskantar shagon tabarau inda take aiki. Daga sama suka faro. Gashi ya fito, goshi ya fito, gira ta fito...

Sai idanu.

Idanunta.

Ba kama ba ce, ba kuma gizo ake yi mata ba. Shekara biyar tana auna idanun mutane a shagon nan, ta san ido kamar yunwar cikinta. Ga ɗigon nan mai ruwan zuma a gefen ƙwayar hagu, wanda Mama ke cewa da shi aka haife ta. Kuma a tsakiyar baƙin idon, tunda an hura shi ya kusa kai girman ƙofar gida, ga hasken wata taga mai labule ruwan ƙwai, ga inuwar mutum tsaye riƙe da kyamara. Ita ta sayi labulen nan da hannunta.

"Auta, lafiya?" in ji Likita, mai shagon, yana leƙowa daga ɗakin gwaji.

Ma'aikatan suka ci gaba da sakin tallan. Hancinta ya fito. Daga nan kuma sai fuskar ta daina zama tata: kuncin hagu sumul, har da ɗan lotsawa, leɓe mai tudu da ɗigon baƙi a samansa. Wannan bakin ma ta san shi, tare suka tashi a gida ɗaya. Bakin Madubi ne, 'yar ƙanwar Mama.

A ƙasa aka rubuta da manyan baƙaƙe: MAN GOGE TABO. GA FUSKAR DA KIKE MAFARKI.

Hannun Auta ya tafi da kansa ƙarƙashin gyale, ya sauka a kan fatar da ta tattare tun daga kunnenta na hagu har haɓa.

Likita ya gyara zaman tabaransa, ya dubi allon, ya dube ta.

"Je ki gida, 'yata," ya ce a hankali. "Zan kula da shagon."

Tana 'yar shekara shida abin ya faru. Mama ta sauke tukunyar ruwan zafi a bakin teburin kicin, ta fita amsa sallama. Minti biyu kacal. Auta ta yi ɗage ta jawo hannun tukunyar don ta ga abin da ke ciki. Tun daga ranar ba a sake ganin haƙoran Mama a dariya ba. Ita kuwa Auta ta koyi dabarun zama da mutane: ta ba bango gefen hagu, ta jawo gyale gaba, in aka fito da kyamara ta tuna akwai aikin da ta bari a ciki. Duk hotunan gidansu, in ka ga Auta to kafaɗarta ce ko ƙeyarta.

Sai ga Mai Zane, kamar yadda ake kiransa saboda sana'arsa.

Shekara biyu da suka wuce ya zo shagon, kallon kwamfuta ya gajiyar masa da ido. Ta sunkuyo tana auna tazarar ƙwayoyin idonsa, shi kuma ya manta da numfashi.

"Malama, kin san kina da idon da kwamfuta ba za ta iya ƙerawa ba?"

"Malam, karanta harafin can ka rage surutu."

Sau uku ya dawo a makon, wai ƙafar tabaran ta yi sako-sako. A na ukun Likita ya ce masa, "Samari, tabaran nan lafiyarsa ƙalau, kai ne ka yi sako-sako." Daga nan aka fara.

Sana'arsa kuwa abar mamaki ce. A kwamfuta yake gina mutum, tun yana toka-toka ba gashi ba launi, kamar mutum-mutumin shagon tela, har ya tashi da jiki da kaya. Amma fuska ba ta yi masa yadda yake so sai ya ɗauko ta daga mai rai. Sai ya ɗauki hoton ido, ko hanci, ko leɓe, ya shimfiɗa su a kan mutumin nasa falle bisa falle, ya yi ta goga bakin kowanne har ka rasa inda hoto ya ƙare, inda zane ya fara. Ya koya mata komai, tana zaune gefensa a ɗakin aikinsa da ke saman wani shagon katifa. Ya nuna mata ɗan maɓallin da ke jikin kowane falle, ka danna ya ɓace, ka sake dannawa ya dawo. Ya nuna mata ɗabi'arsa da yake alfahari da ita: ba ya ajiye falle sai ya sa masa suna da kwanan watan da ya yi shi, don wai sau ɗaya ya taɓa rikita aikin wata guda, ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba.

"Komai kwamfuta tana yi, Haskena, ban da ido," yakan ce. "Idonta irin na kifi ne, a mace yake."

Shekara guda cur yana roƙonta ta zauna gaban kyamararsa. Ranar da ta yarda, ta zauna a kan 'yar kujerar da ke gefen taga mai labule ruwan ƙwai. Ta ba shi gefen dama, ta riƙe gyale gam.

Ya sauke kyamarar.

"Ba rabinki nake so ba, Haskena. Dukkanki nake so. Sauke gyalen."

"Gwanina, ba za ka so abin da za ka gani ba..."

"Hoton nan daga ni sai ke sai Allah. Na yi miki alkawari."

Ta sauke. Ya daɗe yana kallonta, bai kawar da kai ba, bai kuma yi fuskar tausayi irin ta mutane ba. Ranar ce ta farko a rayuwarta da ta ji ita mace ce kamar kowa. Sha biyu ga watan uku. Ta tafi gida tana murmushi ita kaɗai a mota, har matar da ke kusa da ita ta ɗan matsa.

A gida kuwa an sha daga. Yaya, wanda ya tsaya musu a matsayin uba tun rasuwar mahaifinsu, mai gyaran firij ne, mutumin da bai yarda da sana'ar da ba ta ɓata hannu ba.

"Wannan aiki ne ko wasan yara?" in ji shi. "Mutumin da ke zama ya ƙera mace yadda ransa ke so, wata rana sai ya ƙera wadda ta fi ki, Auta. Ki rubuta ki ajiye."

Ta yi kuka, ta yi yaji da abinci, ta yi wata biyu ba ta gaishe shi da fara'a ba. Mama ce ta shiga tsakani, don Mama ba ta iya hana Auta komai tun ranar tukunya. Da ƙyar da jiɓin goshi Yaya ya sauko, aka sa rana. Saura wata biyu.

Wayarta ta yi ƙara tun kafin ta kai bakin titi. Yaya ne.

"Ki zo gida yanzu. Sun manna abin nan a kantin magani na bakin layinmu. Mama ta gani."

A falo ta same su. Yaya tsaye jikin ƙofa da baƙin mai a hannunsa, ko wankewa bai tsaya yi ba. Madubi a kan hannun kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana duba farcenta. Tun suna yara aka sa mata sunan, don ko cokali ta samu sai ta duba fuskarta a ciki, yanzu kuma a kamfanin talla take aiki. Mama kuwa a ƙasa take zaune, kan dadduma, da ƙaramar takardar tallan a cinyarta. Ita ta roƙi mai kantin ya ɓamɓaro mata.

Ba ta ɗago ba. Yatsanta ne kawai ke shafa kuncin hagu na hoton, a hankali, kamar mai lallashin jariri.

"Mama..."

"Ashe haka za ki zama," in ji Mama, muryarta can ƙasa. "Ashe haka za ki zama, Auta, da ban fita amsa sallamar nan ba."

Wani abu ya tsinke a ƙirjin Auta. Shekara ashirin tana gaya wa matar nan ba komai, ƙaddara ce, ita ba ta ma tunawa. Shekara ashirin tana ɗinke zuciyar uwarta da zare ɗaya ɗaya, ga shi mutumin da ta yi faɗa da kowa a kansa ya farke ɗinkin a wuni guda. Ta durƙusa ta zare takardar daga hannun Mama.

"Wannan ba ni ba ce, Mama. Dube ni. Ga ni nan."

Mama ta kasa dubanta.

"Haba, wai meye abin kuka?" in ji Madubi. "Ni fa gani na yi gata aka yi mata. Mata nawa ke neman a sa su a allo ba su samu ba?"

"Ke ce kika kai masa aikin?" Auta ta tambaya ba tare da ta juyo ba.

"Ni ce mana. Ba kullum Yaya ke gorin ba shi da aikin yi ba? Na taimaka. Har bakina na ba da aro, sau huɗu ina zuwa ina zama masa a kujerar nan ta gefen taga. Mutumin naki akwai haƙuri, sai ya yi awa guda a kan leɓe ɗaya."

Ta faɗi hakan tana murmushi, lotsawar kuncinta ta fito, irin ta kan allon sak. Dama Auta ta daɗe da lura da yadda Madubi ke canza murya in Mai Zane ya zo gidan, ta dai riƙa ce wa kanta jini ɗaya ba ya haka.

"Ke kika sa shi ya goge min fuska."

"Ni?" Madubi ta dafa ƙirji. "A'a, 'yar uwa, kar ki ɗora min jakar tsaba. A goge na same ki a kwamfutarsa. Na shiga ne ba sallama, na tarar ya zuba tagumi yana kallonki, fuska sumul. Daga nan ma tunanin tallan ya zo min."

"Ƙarya kike yi."

"To je ki tambaye shi."

"Tashi ki bar gidan nan," in ji Yaya, bai ko ɗaga murya ba. Madubi ta ɗauki jakarta ta fita tana taku ɗai-ɗai. Ya juyo ga Auta, ta jira ya ce ai na faɗa miki. Bai ce ba. Da ya ce ɗin ma da ya fi mata sauƙi.

"In raka ki?" ya tambaya.

"A'a, Yaya. Ni kaɗai na kai kaina, ni kaɗai zan ɗauko kaina."

Rana na tsaka ta hau matakalar shagon katifa. A hanya ba abin da take roƙo sai Allah ya sa Madubi ƙarya ta yi. Ta yarda ya yi wauta, ta yarda an yaudare shi, ta yarda da komai, ban da waccan maganar.

Yana ganinta ya miƙe, kujerarsa ta gangara baya. Fuskarsa kaɗai ta isa shaida, ya san abin da ya kawo ta.

"Haskena, zauna in yi miki bayani..."

"Daga ni sai kai sai Allah," ta ce. "Yanzu kuma har da masu jiran mota."

"Madubi ce ta ce min kin yarda. Ta ce kunya ce ta hana ki faɗa min da bakinki, wai in bari ya zo miki ba zato..."

"Sau nawa muke waya a rana?"

Ita ta ba kanta amsa.

"Sau biyar. Jiya ma ka kira ni kana tambayar kalar fentin da za a yi wa ɗakinmu. Ka iya tambayata fenti, ka kasa tambayata fuskata?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ji tsoron ki ce a'a."

"To ashe ka san amsar."

"Don mu na yi, wallahi don mu na yi. Sun ce in aikin ya yi kyau za su ɗauke ni dindindin. Na gaji da kallon da Yaya ke min kamar wanda ya zo cin arziki. Na ce ido ne da hanci kawai, wa zai gane? Na yi kuskure, Zuciyata. Yau ɗin nan zan je in sa su sauke, ko me zai faru."

Idanunsa sun kawo ruwa. Kuma zuciya ba ta da ƙashi, jama'a. Auta ta ji tata tana karkata, tana nema masa uzuri tun kafin ya gama nema wa kansa. In dai iyakar abin ke nan, za ta yi fushin mako biyu, ta yafe, ta lallashi Mama, a yi biki. Saura abu ɗaya kawai.

"Buɗe min aikin in gani."

"Me za ki gani a ciki? Bari in goge shi gaba ɗaya a gabanki..."

"Buɗe."

Hannunsa ya yi nauyi a kan linzamin kwamfutar. Da fuskar ta cika allon, Auta ta jawo kujerar ta zauna, ta karɓi linzamin. Shi ya koya mata, ai. A gefen dama ga fallayen nan a jere, kowanne da sunansa da kwanan watansa, yadda ya saba. Jiki. Gashi. Idon Haskena. Hancin Haskena. Bakin Madubi, watan jiya. Kuncin Madubi, watan jiya.

Ta danna, bakin Madubi ya ɓace. Ta danna, kuncin Madubi ya ɓace.

Fuskar da ta rage tata ce tsaf, bakinta, haɓarta, har ɗan karkacewar murmushinta. Amma kuncin hagu sumul yake. An ɗebo fatar kuncinta na dama an shimfiɗa a kai, an goge gefe-gefenta da irin haƙurin da shi kaɗai ke da shi. Aiki ne na mai ƙauna, ba na mai sauri ba.

Sunan fallen kalma ɗaya ce: Gyara.

Kwanan wata: sha biyu ga watan uku, bara.

Ta karanta sau uku.

"Ranar da na sauke gyale," ta ce. Muryar ba ta yi kama da tata ba. "Ina cikin mota ina murmushi kamar taɓaɓɓiya... kai kuma kana nan kana gyara ni."

"Ba haka ba ne..."

"Lokacin babu kamfani. Babu Madubi. Babu gorin Yaya. Wa ya sa ka?"

"Hannu ne kawai, Haskena, sabon aiki ne. Gani kawai na so in yi."

"Ka gani?"

"...Na gani."

"Sau nawa ka buɗe ta tun daga ranar?"

Ya kawar da kai gefe.

Ta danna maɓallin, tabon ya dawo. Ta danna, ya tafi. Ta bar shi a tafe, ta juyo da kujerar ta fuskance shi, ta zame gyalen har kafaɗa, hasken tagar ya sauka a kuncinta.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Gwanina. Da ni da ita, wa ta fi yi maka kyau?"

"Ke mana! Ke ce..."

Bakinsa ya yi sauri, amma idonsa ya riga bakin. Ƙwayar ta zame zuwa allon, ƙiftawa ɗaya, sannan ta dawo kanta. Wani ba zai lura ba. Ita kuwa da kallon inda ƙwayar ido ke zuwa take cin abinci.

Hawayen da ta riƙe tun safe suka sauko, bin tudu da kwarin tabon suka yi har haɓa. Ba ta share ba.

Ya zube a gabanta, gwiwa biyu.

"Ban goge ba, ki duba ki gani, wallahi tabon yana nan a ƙasa. Ban taɓa goge shi ba. Rufe shi kawai na yi..."

"Na sani," in ji Auta. "Shekara ashirin abin da nake yi da gyale ke nan. Kai ne ka ce in daina."

Ta juya ga kwamfutar. Ta nemo jakar da ya sa wa suna Haskena, hotuna ɗari da wani abu, duk na ranar nan. Ta share su, ta bi su kwandon shara ta sake sharewa, yadda ya koya mata. Ta koma kan matar allon ta cire hancinta, ta cire bakinta, ta cire idanunta. Abin da ya rage mutum-mutumi ne toka-toka da ramuka biyu a fuska. Bai hana ta ba, kuka kawai yake yi.

Ta zare zoben da ya ba ta, ta ajiye kusa da linzamin.

"Haskena, don Allah... ina son ki. Ko me na yi, ina son ki."

"Na yarda kana sona. Shi ne abin da ya fi ciwo."

Ta sauka matakalar gyalenta a kafaɗa. Mai shagon katifa ya kalle ta, ya sake kallo, ta gaishe shi ta wuce.

Gaskiya dai, ya cika alkawarinsa na biyu. Bayan kwana tara aka sauke allunan, aikin da yake hange ya tafi, Madubi ma da ta ga ba riba ta daina ɗaga wayarsa, dama can ba shi take so ba, abin hannun Auta take so. Ya rame, ya yi zuru-zuru. Sau uku yana zuwa shagon Yaya ya tsaya cikin matattun firij yana ba da haƙuri, har Yaya da kansa, mutumin da ya fi kowa ƙinsa, ya sami Auta a tsakar gida tana shanya.

"Auta, mutumin nan ya yi nadama. Ni ban taɓa sonsa ba, kin sani, amma ɗan Adam ajizi ne. Ko za ki duba?"

"Na yafe masa, Yaya, har ga Allah."

"To?"

"To duk safiyar da zai buɗe ido ya kalle ni, zan riƙa bin ƙwayar idonsa in ga ina ta tafi. Ya riga ya ga waccan, ba kuma kwamfutar da za ta share ta daga kansa. Ba zan iya kishi da fuskata ba."

Yaya ya ɗauki ɗaya bakin zanin gadon da ke hannunta ya taya ta matsewa, abin da bai taɓa yi ba.

Ba a ce ta daina sonsa ba. Takan ji an turo ƙofar shago gabanta ya faɗi, ta ɗago ta ga wani ne daban. Allon tsallaken titi kuma tallan taya aka sa masa, amma har yanzu ba ta son kallon wajen.

Ranar da aka sa za a ɗaura auren, da hantsi, Auta ta shiga ɗakin Mama.

"Tashi ki shirya, Mama, ki raka ni unguwa."

Shagon mai hoto ta kai ta, ƙaramin nan na kusa da tashar mota, mai labule shuɗi da furen roba. Mama ta ja ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi 'yarta.

"Auta..."

"Ba mu da hoto tare, Mama. Ko ɗaya."

Suka zauna a benci. Auta ta zame gyalenta baya, ta fuskanci kyamara gaba da gaba. Yau ba wanda ya roƙe ta. Hasken ya walƙa.

Mai hoton ya juyo musu da allon kwamfutarsa, yana murmushin neman ciniki.

"Ya yi kyau sosai. Mama, in ɗan share mata gefen nan? Ba wuya, minti biyu ne."

Auta ta buɗe baki, amma Mama ta riga ta.

"Minti biyu," in ji Mama, kamar da kanta take magana. Ta matso, ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ɗaga hannu, ba ga allon ba, ga kuncin 'yarta, ta ɗora tafinta a kan tabon. Rabonta da taɓa wurin tun ana sa masa magani.

"A'a, ɗana. Kar ka taɓa min ita. Wanko mana babba, wanda za a rataye a falo."

Yana nan a falon har yau, sama da talabijin. In ka matso sosai ka leƙa idon Auta na hagu, za ka ga ɗigon nan mai ruwan zuma, da ɗan farin hasken fitilar mai hoto. Babu taga a ciki, babu labule ruwan ƙwai, babu kowa a tsaye. Mama ce ke goge masa ƙura kullum da safe.